Kaka Arzika da Mutanen da Ba Mu Gani

Ku da kuka tashi a Lungun Karofi nan Konni, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa ganin Kaka Arzika ya yi tafiya a miƙe? Babu! Layinmu kun san shi, tun da aka shimfiɗa masa pabe, ƙananan tubalan sumintin nan, ya zama sambal kamar an ja zare. Amma tsohon nan in ya fito da hantsi, da sandarsa da jar hularsa da ta koma ruwan ƙasa, sai ka rantse wani abu ya sha. Ya yi gaba kaɗan ya karkata dama, ya kewaye abin da babu, ya dawo hagu, ya ɗaga ƙafa ya tsallake wani abin da shi ma babu. In ya iso daidai shagon mai cajin waya sai ya dafe hula ya sunkuya, alhali tsakaninsa da sama ko igiyar shanya babu.

Baƙo ne ke tambaya ko tsohon lafiya. Mu mun san zancen. Kaka ba layin yau yake bi ba, layin da aka haife shi a ciki yake bi. Abin da yake kewayewa ramukan rini ne na kakanninmu, waɗanda aka cike tun ban zo duniya ba. Abin da yake tsallakewa makwararar ruwan shuni ce. Abin da yake sunkuya wa kuma reshen tsamiya ne, tsamiyar da aka ce da itacenta aka dafa tuwon sunana.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ci dariyarmu mun koma gida. To amma akwai gaisuwar. Sai ya tsaya gaban garun da ko ƙofa babu, ya jingina da sanda.

"Salamu alaikum, Malam Bawa. An tashi lahiya? Ya ƙahwar?"

Sai ya yi shiru, ya karkata kunne. Can ya gyaɗa kai. "To, Allah shi sawwaƙa. Allah shi ƙara haske."

Malam Bawa fa ya rasu tun ina rarrafe. Ba gaisuwar ke tada tsikar jiki ba, shirun nan ne. Shiru ne daidai tsawon amsa, bai fi ba, bai gaza ba. Wani lokaci ma sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Kai Bawa, har yanzu ba ka bari ba!" Ku kuwa da ke zaune a wurin sai kowa ya gyara zama, ya duba bayansa.

Ni Ilu jikan wansa ne, saboda haka akwai wasa tsakaninmu, kuma ban taɓa raga masa ba. Na kan ce, "Tsoho, mutanenka sun ba ka goro yau?" Ya kan ce, "Mai-tumbi, matsa. Da mutane." Kalmarsa ke nan, daga safe har yamma: da mutane. Ka zo aje moto, wato babur, da mutane. Mace ta zo watsa ruwan wanki, da mutane. Kuma duk ya gama zagayensa sai ya zauna ƙofar gidanmu ya yi ajiyar zuciya ya ce abin da ke cin ransa: "In na tahi, wa ka gaishe su? Ku duka kun zan makahi masu ido." Sai ya dube ni. Ni kuwa sai in tuna ina da aiki a tasha.

Liman ma ya taɓa jan shi gefe bayan azahar, cikin ladabi. Ya ce, "Baba Arzika, waɗanda suka rasu suna maƙabarta fa."

Kaka ya ce, "Na sani, Malam. Rabinsu ni na kai su, kai kana yaro ɗan lakwal. Amma mutum shi ƙare rayuwarsa zaune wuri guda, kana cewa wurin shi manta shi don an shahwa mai suminti? Ni addu'a nika yi musu. In kana da wadda ta hi tawa, taho mu zagaya tare."

Liman ya ce yana da baƙi.

Kun tuna Alhajin nan na Tajaye da ya buɗe shagon shinkafa kusa da famfo? Mutum ne mai jiki, ya fi ni, kuma kun san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya sayi farar kujerar roba ya dasa ƙofar shago, ya baje a kai yana sakace. Kaka ya iso, ya tsaya, ya dubi Alhaji, ya dubi ƙarƙashin Alhaji, ya rufe baki da hannu.

"Alhaji, ka san bisa cinyar wa kake zaune?"

Alhaji ya ce, "Cinya kuma? Baba, kujerata ce, jiya na saye ta."

"Hajo mai hura ta. Nan taka aje ƙwaryarta tun ina saurayi. Amma kar ka damu, ba ta yi hushi ba. Bazawara ta. Ta ce ma in tambaye ka, ko da niyya kaz zo?"

Muka fashe da dariya, har da Alhajin, ya ce a gaya mata gida ya cika. Bai matsa ba ranar, don kada a ce ya ji tsoro. Sai dai daga ranar, kullum da rana tsaka, ƙudaje kan taru a gefen kujerar, a kan busasshen pabe wanda ko ɗigon koko babu. Ba a watse suke taruwa ba, a zagaye, daidai faɗin bakin ƙwarya. Ya share, ya zuba kananzir, ya kunna turare. Gobe su dawo. Kafin a yi Juma'a kujera ta koma ɗaya gefen ƙofar. Da aka tambaye shi sai ya ce inuwa ta fi a can. Wurin da ya koma fa, wallahi ko ƙadangare ba ya tsayawa don rana.

Amma babban labari shi ne na sumintina. Shekarar da na ce zan ɗora ɗaki a sama, na sa aka ɗauko mini suminti daga Malbaza, kamiyo guda, babbar mota cike, don unguwa ta san Ilu ya yi ƙarfi. Direban ya shigo layi da baya. Kaka ya fito tsakiyar hanya da sanda a sama kamar jandarma.

"Kauce nan, ramin Tanko na! Karya hagu! Tsaya, tsaya, za ka taka na Bawa!"

Direba ya leƙo ya ce, "Wai wane rami? Ni ƙasa nake gani shafe!" Na ce masa ya bi tsohon kawai, in ba haka ba sandar nan za ta sauka a kan gilashinsa. Haka ƙatuwar mota ta yi ta rangaji a miƙaƙƙen layi kamar amarya, unguwa duka ta fito kallo. Saura kaɗan ta iso ƙofarmu sai Kaka ya yi tsit. Ya sauke sanda, ya juya fuska ga bango, ya shiga gyaran hula.

Ji kake rugum! Ƙafar baya ta nutse har gindi. Pabe ya dare, wani taɓo ya bulbulo baƙi-ƙirin mai sheƙin shuɗi, da warin rini irin wanda tsofaffin unguwa suka ce rabonsu da shi tun suna 'yan mata. Wata tsohuwa ta shaƙa, sai kawai ta fashe da kuka.

Na ruga wurinsa. "Kaka! Ashe akwai rami a nan? Kai da ka san kowane, me ya hana ka faɗa?"

Ko kallona bai yi ba. "Ramin Nomau na. Ni da Nomau ba mu magana."

"Wane Nomau?"

"Wanda yac ce rinina na zuba. Gaban mutane yaf faɗa, ranar kasuwa, gaban wadda nika nema."

"Haba Kaka, mutumin nan ya mutu tun kafin a haifi babana!"

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "To, mutuwa ban-haƙuri ta?"

Sai a ranar muka gane abin da ya sa duk zagayensa akwai wuri ɗaya da yake takawa da ƙarfi, har ya ɗan murza dunduniya. Mun yini muna sauke suminti a ka. Ɗakin saman kuwa har yau yana nan a bakina.

Bara bayan girbi ƙafafunsa suka ƙi. Ya kwanta, zagaye ya tsaya. Ban san ko ku ma kun lura ba, amma layin ya canza a kwanakin nan. Awaki in sun zo tsakiya sai su tsaya cak, su raɓa bango su wuce ɗaya bayan ɗaya. Mai cajin waya ya ce yana jin ana share murya a bayansa, in ya juya babu kowa. Kowa dai ya rage hira a waje, kuma ba wanda ya ce don me.

Ran nan da rana tsaka ya aika aka kira ni. Na same shi ya sa hula, ya rungume sanda a kwance.

"Mai-tumbi, sun dame ni da tambaya. Samo amalanke."

Na ce, "Tsoho, da ranar nan? Bari la'asar mana."

"La'asar taka ta, ko tawa?"

Na aro amalanken mai ga-ruwa, na shimfiɗa tabarma, na ɗora shi. Ba nauyi, kamar na ɗauki damin kara. Muka fito. Rana ta take, layi wayam, ko kaza babu, ba ka jin komai sai kukan ƙafar amalanke. Ga ni, ƙato da iyali da furfura a gemu, ina tura tsoho a karkace, yana ba ni oda. Dama. Hagu. Ɗaga, makwarara. Kuma a kowane wuri sai ya sa na maimaita sunan da bakina: Tanko, Malam Bawa, Hajo, Ige mai bugun riguna. Ya ce in yi sallama, in yi shiru. Na ce shirun na mene ne? Ya ce, "Kai in ka gaida mutum, wucewa kaka yi yana cikin magana?"

Da muka zo wurin tsamiya ya ce, "Sunkuya." Na ce a raina, wannan kam ban yi, ni da nake ganin sama fayau. Na miƙe wuya na tura. Jama'a, iska ko ta kaɗa gashin kaza babu a ranar. Hulata ta tashi daga kaina ta faɗi baya, kamar an sa yatsa an ture ta. Na tsaya cak. Kaka ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Ɗauko. Gobe ka sunkuya."

Gaba kaɗan, gefen gidanmu, inda yanzu ake jingina tsofaffin tayoyi, ya ɗaga hannu. Kullum yana daɗewa a wurin, ban taɓa tambaya ba.

"Wagga kai za ka hwara gaishe ta."

"Wace ce?"

"Rabi. Nan taka suyar masa, da kai goye, kana ja mata ɗan kunne. Gaida uwarka, ƙaton banza."

Ni ban san fuskar uwata ba, ta rasu ban iya magana ba, kuma ko hoto ba ta bari ba. Shekaru ina aje moto a wurin nan. Na buɗe baki na yi sallama. Na yi shirun da aka ce. Ban ji komai ba, ba zan yi muku ƙarya ba a wannan. Amma ban taɓa jin shirun da ba na son ya ƙare ba sai shi.

Da muka iso inda kamiyo ta nutse na ƙara sauri, na san ba a tsayawa. Sai ya buga sanda a jikin amalanke. Ya daɗe yana kallon facin sumintin da aka toshe ramin da shi. Can ya share murya.

"Nomau. Salamu alaikum."

Shirun da ya biyo baya ya fi na kowa tsawo. Har na fara tunanin ko barci ya ɗauke shi. Sai ya yi tsaki. "To, na ji. Sau guda ya zuba, shi ma shunin aro na. Allah shi ƙara haske." Ya juyo gare ni. "Tura. Ba don halinsa ba. Kar in je can mu haɗu ba mu magana, wuri ƙunci."

A ƙofar gidanmu ya nuna dakalin da yake zama, ya auna da sanda daga bango zuwa inda ƙafarsa kan kai. "Nan za ni zauna. Ƙahwata ta dama a miƙe take, ka sani. Kar ka taka ni."

Bai sake fitowa ba. Ranar Laraba muka kai shi.

Zan so in ce muku washegari na ɗauki zagaye, amma kun san ni. Na ce sai an yi bakwai, na ce sai an yi arba'in. Ran nan na fito a guje zan tafi tasha, na yanke ta gaban dakali, a kan pabe shafe wanda ko tsakuwa babu. Wani abu ya harɗe ni a idon sawu. Na tashi sama, ni da tumbina, na sauko kamar buhun gero, har mutanen Tsarnawa sai da suka ji ƙasa ta motsa. Ina kwance ban san lokacin da bakina ya ce, "Yi haƙuri, Kaka," ba. Alhajin Tajaye da ke kallo daga kujerarsa bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Ka gaida mini Hajo in ka iso."

Saboda haka in kun ga wani ƙato da hantsi yana tangaɗi a miƙaƙƙen layi, yana dafe hula a inda babu reshe, kada ku kira likita. Ni ne. Na fi daɗewa wurin tayoyi, na kuma kwashe su daga can. A dakali nake ƙarewa, in yi sallama, in yi shiru daidai tsawon zagi ɗaya, don na san abin da zai fara da shi ke nan.

Allah ya jiƙan Kaka Arzika. Yadda bai bar kowa ba gaisuwa a layin nan, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai. Ka yalwata masa wuri, shi da Nomau, da Rabi, da duk waɗanda suka zauna nan kafin mu. Allah shi ƙara haske. Amin.