Hon Biyu a Bakin Rafi

Kakata ce da hannunta ta kashe janaretan da na zo da shi, ko kallona ba ta yi ba. Minti goma ke nan da na tayar da shi. Wayata ta mutu, kawuna kuma ya tafi kasuwar Batsari tun safe, har la'asar ta wuce bai dawo ba. Ni dai so nake in yi caji in kira shi.

"Angon nawa," in ji ta, "kashe mu ka zo yi daga birni?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ashe doka ce a ƙauyen, can bayan Wagini, mai unguwa ya kafa ta. Daga la'asar ba janareta, ba injin niƙa. Saboda baburan ɓarayin daji. Duk ɗan gari in ya iso rafi, sai ya yi hon biyu kafin ya tsallako. In aka ji babur ba hon, ba a tsayawa tambaya, a kwashi yara a faɗa cikin dawa. Ba wanda ya gaya mini. Su a wurinsu kamar a ce maka ka yi alwala kafin salla ne.

Inji na yin shiru muka ji shi. Babur ɗaya, ya riga ya tsallako rafin, yana tahowa a hankali.

Matar da ke daka a maƙwabta ta tsaya cak. Mijinta ya leƙo ta katanga.

"Iya, kun ji hon?"

"Ina za mu ji? Tambayi mai inji."

Duk ido a kaina. A gudu ne ko a tsaya, ba wanda ya sani, kuma ni na jawo.

Babur ɗin ya zo daidai kukar bakin gari ya tsaya. Ba a kashe shi ba. Dawa ta yi tsawo, ba ma ganin komai, sai ƙuginsa ƙasa-ƙasa, kamar mai shi ma saurarenmu yake. Can ya juya.

Kawu sai washegari da hantsi ya shigo, da hon ɗinsa biyu. Taya ce ta fashe, ya kwana a Batsari, ko hanyar bai kamo ba. Aka bi duk mai babur a garin. Kowa yana gida a lokacin.

Janaretan na can ɗakin Kaka, ƙwarya take kifewa a kai. Ni kuwa har yau a Katsina, in maƙwabci ya tayar da nasa, sai in tsinci kaina ina kasa kunne ta ƙarƙashin ƙarar.

Ku me kuka gani? Mutumin nan ya yi hon ɗin ne, ƙarar injina ta haɗiye shi, ko bai yi ba?