Na kai wa Kawu Buba saniyarsa

Gumel, Alhamis, ƙarfe biyar da rabi

Na fita gida ana sallame sallar asuba, da kwamfuta a jaka da wani kofi na gilashi naɗe cikin tsohon rawani. Kofin na samo shi ne a Abuja, a bikin fina-finan katun na ƙasa. Alƙalai sun ba wasu kyaututtukansu, ni ko kallo ban ishe su ba. Amma da 'yan kallo suka jefa ƙuri'a, sai ɗan fim ɗina na minti tara ya zo na ɗaya. Labarin Saige ne, saniyar da na yi kiwo ina yaro a rugar kawuna, Kawu Buba, kusa da Ɗanzomo.

Shi ya rene ni. Tun da na bar garke na kama zane bai taɓa cewa da kyau ko ba kyau ba, ni kuma shekara shida ban kwana a rugar ba. Tafin Abuja ya yi daɗi, amma kalma ɗaya daga bakinsa nake nema.

A tasha direba ya ga ina rungume da ƙunshi.

"Malam, jariri ne?"

"Kofi ne."

"To ka riƙe shi da kyau, hanyar nan ba ta san kofi ba."

Maigatari, ƙarfe bakwai saura

Sau biyu aka tsayar da mu a shinge. A na biyun jami'in ya kwance rawanin, ya juya kofin, ya tambaye ni ko ƙwallo nake bugawa.

Ranar kasuwa ce, na san a kara zan sami Kawu, wurin da ake cinikin dabbobi. Ƙamshin kashin shanu da hayaƙin masu tsire suka maida ni shekarun da nake biye da shi riƙe da igiya. Na hango shi ƙarƙashin bishiyar maina, ya rame, sandarsa dai ita ce. Na durƙusa na gaishe shi. Bayan fura, na buɗe kwamfutar a kan buhun dusa. Kafin a jima makiyaya sun kewaye mu, har da mutanen Damagaram.

Na kunna fim ɗin, aka yi ta kallo. Sai wurin da Saige ke kwance, gari ya waye, ta miƙe. A Abuja nan ne mata suka share hawaye. A Maigatari nan aka fashe da dariya.

"Kai jama'a! Saniya ce ko doki?" in ji wani dattijo.

Na tsayar da fim ɗin, ban gane ba.

"Ɗana, saniya da ƙafafun baya take fara tashi. Taka ta fara da na gaba," in ji dattijon.

Kunya ta rufe ni. Wata huɗu na yi ina zana tashin nan, kuma ni ne na yi shekara goma ina ganinsa kowace safiya. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce in rufe, mu tafi gida.

Ɗanzomo, bayan la'asar

Mun shiga motar 'yan kasuwa zuwa Sule Tankarkar, daga nan babur ya ƙarasa da mu cikin yashi. Inna Hari, matar Kawu, ta yi mini tuwon gero da man shanu, tana faɗan na manta hanya. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da asuba Kawu ya taɓa ƙafata. Muka tsaya bakin garke cikin sanyi. Shanu suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, baya ya ɗaga, gwiwoyin gaba a ƙasa, sannan su miƙe.

"Tun kafin ta juyo a fim ɗinka na gane ta," ya ce. "Ƙahon nan da ya karkace, da farin goshin. Ban zaci zan sake ganinta ba."

Ya juya yana gyara igiyar maraƙi.

"Amma Saige ba ta taɓa tashi kamar doki ba. Ka gyara mata."

Na miƙa masa kofin. Ya karɓa ya sa a hammata.

"Wannan ya zauna nan. In ka gyara, ka zo ka karɓa."

Komawa Gumel

Na iso gida Juma'a kafin a tafi masallaci. Sati uku na yi ina gyara, na koma. Ya kalla, ya ce tashin ya yi, amma wutsiyar ta cika tsawo. Na gyara na koma, ya ce kunnen hagu ne. A zuwa na huɗu, da ya fara maganar kofato, na ga Inna Hari tana rufe baki da mayafi. Sai a lokacin na gane: dabarar da za ta riƙa kawo ni rugar yake yi.

Haka muka yi shekara biyu, kowane wata da aibin da zai samo, ni kuma ban taɓa musu ba. Kawu ya rasu da damina. Allah ya jiƙansa, ya saka da alheri ga Inna Hari da makiyayan Maigatari da suka yi mini dariya. Kofin yana cikin ɗakinsa har yau. Bai ce na gama gyara ba, don haka ban ɗauko ba.