Furar da Na Dama a Gindin Ganuwar Zazzau

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina ba su fara yi min gardama ba, na taɓa shiga jirgin ƙasa daga Kano zuwa Zariya kallon kayan tarihi. Ni da ko kasuwar Rano sai da ƙwaƙƙwaran dalili nake zuwa, za ku ce me ya kai ni kallon tsohuwar katanga. To, ɗan farina ne ya shirya tafiyar, shi ne kuma mai yi wa mutane bayani.

Sai na fara gaya muku yadda muke da shi, in ba haka ba ba za ku gane ba. Mu yadda aka tashe mu a Durba, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye in da mutane a wurin. Kara ke nan. Ana yaye shi yayar ubansa ta zo daga Rurum ta goya shi ta tafi. Ina tsakar gida ina surfe, ko kai ban ɗaga ba. An yabe ni ƙwarai a kan haka. Ba wanda ya leƙa turmin ya ga geron ya koma gari.

A can ya girma wurin gwaggon tasa, ya yi boko, ya karanci tarihi, ya zama malamin makaranta a Rano. In ya zo gaishe ni sai ya durƙusa a bakin ƙofa, in amsa a taƙaice. In ina son sanin lafiyarsa sai in tambayi ƙannensa bayan ya fita. Haka muka yi ta tafiya, ni a ganina lafiya lau muke.

Da gwaggon ta rasu sai zuwansa ya fara ja da baya. Na lura, don ni ba abin da ke wuce min, amma ban ce komai ba. Wata rana sai ga matarsa da tsohon ciki, ta sauko daga acaba da kyar. Bayan mun gaisa ta miƙo min wata 'yar takarda.

"Inna, tikitin jirgi ne. Ya shirya wa matan Rano zuwa Zariya, a tafi da safe a dawo da yamma. Ya ce in kawo miki."

Na ce, "Wa na ajiye a Zariya?"

Ta yi ta wasa da bakin mayafinta. Can ta ce, "Zan faɗi abin da bai aike ni ba. Cewa yake tun da Gwaggo ta rasu ba shi da uwa. Wai ke haihuwarsa kawai kika yi, ba kya ma son ganinsa. In na mayar masa da takardar nan, Inna, ba na jin zai ƙara tako gidan nan sai dai in rasuwa aka yi."

Na yi mata faɗa sosai a kan ɗaukar maganar miji tana yawo da ita. Ta ba ni haƙuri. Amma takardar ban mayar mata ba. Da za ta tafi ta juyo ta ce, "Kuma in yana hidimar jama'a mantawa yake da cikinsa, ga olsa tana damunsa."

Ran tafiyar ina idar da sallar asuba na juye dambun shinkafa da zogale a kula, na zuba masa man gyaɗa har sai da ya yi sheƙi. Mota ta kwashe mu daga Rano zuwa tashar jirgi a Kano. Taragon da aka ba mu cike yake da matan cikin garin Rano, ba wadda ta san ni. Aka haɗa ni kujera da wata Hajiya mai sayar da atamfa, mace mai jiki da faɗin baki. Kafin jirgi ya motsa na san sunayen surukanta duka da laifin kowacce.

Da jirgin ya yi kuka ya fizga, sai da na riƙe ƙarfen kujera ina salati a ciki. Tafiyarsa ba irin ta mota ba ce, rangaji yake kamar tsohuwa mai tankaɗe. Muka bar gidaje, muka shiga gonaki, dawa ta yi kai ta sunkuya. Shi kuwa yana ta kai da kawo, ya ɗora wa wannan jaka, ya buɗe wa waccan taga. Ina kallonsa ta gefen ido. Ya rame. Hularsa ma a karkace take.

Can ya tsaya a gaban taragon da wata 'yar lasifika a hannu, ya yi sallama, ya faɗi wuraren da za mu je. Sai ya ɗan dakata ya ce, "Kafin mu yi nisa, ina so ku sani mahaifiyata tana cikin taragon nan. Yau ne za ta fara ganin aikina."

Mata suka ɗauka, "Ma sha Allah, ina take? Ta miƙe mu gan ta."

Ni kuwa na juya na ƙura wa taga ido. Ba wai na yi shawara ba ne, wuyana ne ya juya da kansa. A ce in miƙe a gaban mata cike da tarago in ce wancan nawa ne? Abin da ban taɓa yi ba ko a gaban uwata. Yana tsaye yana jira, mata suna ta waige-waige. Da ya ga ba wadda ta miƙe sai ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya ce, "To, ku duba hagu, ga kogi nan za mu haye."

Hajiya ta taɓo ni. "Ke kin ji wata irin uwa? Ni in nawa ne, da tuni na rangaɗa guɗa jirgin nan ya tsaya. Ko dai kishin ɗan take, ko kuma ba ta da hankali."

Na ce, "Ba kowa ba ne mai guɗa."

"A'a, baiwar Allah, kar ki kare ta. Dubi fuskar yaron nan."

Na riga ta gani.

Da muka wuce Madobi na ce bari in gyara ta inda na iya. Na jawo kular dambu na miƙa wa Hajiya. Abin da ya kamata in ce shi ne a ba malamin, amma bakina bai iya nuna shi ba. Sai na ce, "Miƙa wannan gaba, akwai wanda bai karya ba."

Hajiya ta buɗe, ƙamshi ya bugi hancinta, ta ɗaga murya. "Jama'a, ga baiwar Allah ta kawo sadakar dambu. Duk wadda ba ta karya ba ta sa hannu."

Ashe duk taragon ba wadda ta karya. Ina zaune ina kallon kulata tana tafiya daga kujera zuwa kujera, ana sa min albarka. Lokacin shi yana can wani tarago wurin ma'aikatan jirgi. Kula ta dawo min a sharce kamar an wanke. Hajiya tana suɗe yatsa ta ce, "Allah Ya ba ki 'ya'ya masu jinƙan ki." Na ce amin, me zan ce?

Rana ta ɗaga muka sauka Zariya. Motoci suka kai mu cikin birni, wurin tsohon masallacin nan na ƙasa. Daga waje ginin zamani ne ya rufe shi, sai ka shiga za ka ga na asalin. Ni ba ma'abociyar yabo ba ce, amma na tsaya na ɗaga kai. Ginshiƙai masu kauri, sun tashi sun tanƙwaro sun haɗu a sama, duk da laka da azara, ga sanyi kamar cikin randa. Yana ta bayanin yadda magina suka yi shi ba ƙarfe ba siminti. Mata suna tambaya yana amsawa, ba ya gajiya, ba ya yi wa kowa tsawa. Ban san ya iya magana haka ba. A gabana iyakarsa "ina kwana" da "na koma".

Amma ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba. Da, in mun haɗu a taro, yakan saci kallona. Ran nan ya daina. Nan na san maganar matarsa ba ƙari a ciki.

Bayan azahar aka kai mu ganuwa, inda ragowarta ta fi tsayi. Ya hau wani tudu don kowa ya gan shi, yana faɗin yadda aka tara mutane suka gina ta, da yadda ake rufe ƙofofi in an ji ƙishin-ƙishin ɗin yaƙi. Mata suna ta ɗaukar hoto da waya. Ni ba katangar nake kallo ba. Na ga ya sa hannu ya dafe ƙasan ƙirjinsa, ya cire, ya sake mayarwa. Na ga leɓensa ya bushe ya yi fari. Zufa tana keto masa, muryar tana shiga ciki. Tun asuba ruwa kawai na ga ya kurɓa. Mata cike da wuri, ba wadda ta lura.

A gindin wata bishiya akwai Bafulatana mai nono. Na je na tsuguna, na ce ta zuba min fura da nono. Ta ɗauki ludayi za ta dama, na ce, "Ba ni nan." Na dama da kaina har sai da ba gudaji ko ɗaya, na zuba sukari.

Ina miƙewa sai ga Hajiya a kaina. "Wa za a kai wa? Kawo in miƙa."

Wallahi har na fara miƙa mata. Hannuna ya saba. Sai na tuna in ta karɓa, ko ya sha, daga hannun wata Hajiyar Rano ya sha, gobe kuma ba zan gan shi a ƙofata ba. Na janye ƙwaryar na ce, "Bar shi."

Tsakanin bishiyar nan da tudun ba nisa, amma ban taɓa tafiyar da ta yi min tsawo kamarta ba. Na ratsa ta tsakiyar mata, suna darewa. Ina jin kamar uwata da kakata suna bayana suna kallona. Na tsaya a gabansa. Ya katse bayanin, lasifikar tana bakinsa.

Na ce, "Sauko."

Ya sauko.

"Ajiye abin maganar nan ka sha. Katangar ba inda za ta."

Ya tsuguna a gabana ya karɓa da hannu biyu. Ya kafa kai. Mata suka zuba mana ido.

Hajiya ce ta fara magana, a hankali, abin da ban san ta iya ba. "Baiwar Allah, ke ce?"

Na ce, "Ni ce."

"Shi ne kika bar ni tun daga Kano ina zuba a kanki?"

"Ai ba ki tsaya jan numfashi ba balle in sa baki."

Aka kwashe da dariya. Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Ku ƙyale ta, na fari ne. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. Abin da ta yi yanzun nan, ni har nawa ya yi furfura ban iya ba." Hajiya kuwa ta dafe kai ta ce, "Wayyo, ashe dambun ma nasa ne muka cinye."

Da yake jirgin komawa sai washegari, a mota muka dawo. Yana gaba kusa da direba, ni da Hajiya muna bayansa. Mun yi nisa ina ta tunanin ko abin da na yi ya isa, ko kuwa na zubar da karata a banza. Sai ya ɗan juyo, ba ni ya kalla ba, Hajiya ya kalla.

"Hajiya, ki gaya wa Inna furar ta yi daɗi. Sai dai sukarin ya ɗan yi yawa."

Na ce, "Ki ce masa in ya ga dama ya zo ranar Juma'a ya nuna min yadda ake zubawa."

"Ki ce mata ina nan tafe."

Hajiya ta ce, "Ikon Allah. Ni yau na zama wayar salula." Ranar Juma'a kuwa ya zo, kuma bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya shigo har ɗaki ya zauna a gefen tabarma.

Har yau ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba na jin zan kira. Ba na zagin waɗanda suka koya mana kara, mutanen kirki ne, sun san abin da suke yi. Amma a zamaninsu duk gari ya san ma'anar shirun uwa, yaro yana tashi za a gaya masa, ka ga wadda ba ta kula ka ɗin nan, ita ta fi kowa son ka. Nawa ba wanda ya gaya masa. Ni ina can ina taƙama da na iya ɓoyewa, ashe na ɓoye har wanda aka yi domin shi bai gani ba. Ku masu 'ya'ya, in za ku yi kara ku yi, amma ku tabbata yaron ya san kara ce.

Jikokina sukan tambaye ni me na gani a Zariya, ganuwar tana da tsayi, masallacin yana da kyau? Nakan ce musu ƙwarai kuwa, su je su gani. Amma in na rufe ido, ba ganuwa nake gani ba. Maƙogwaronsa nake gani yana motsi yana haɗiyar fura. Rabon da ya sha wani abu daga gare ni, tun yana shan nono.