Kwandon Yaya Garba

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa, a ƙauyenmu na kusa da Managil. Duk sa'ad da lokacin ya zagayo, kwandonsa ne ke fara faɗo mini a rai.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa a garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu, kuma tun muna ƙanana mutane suka yanke mana hukunci. Ni ne mai kai. Larabci, Fulatanci, Barbarci, duk a kasuwa na tsince su. Shi kuwa sai an maimaita masa magana sau uku. Sannu-sannu ake kiransa, har ni nakan taya su dariya, Allah Ya yafe mini.

Da aka buɗe sababbin gonakin auduga na Managil, aka ba shi hawasha, gonar da hukuma kan damƙa wa manomi. Tasa ta faɗo a ƙarshen abu ishirin, ƙaramar magudanar da ke shayar da gonaki, inda ruwa ke isowa a gajiye. Ga ƙasar ba ta daidaita ba: gabas ruwa ya kwanta har saiwa ta ruɓe, yamma ƙishirwa. Shekara biyu audugarsa ba ta yi ba. Mufattishi mai duba gonaki ya zo, aka sa ni tafinta, don Larabcin Yaya bai kai na hukuma ba. Da bakina na gaya wa yayana cewa in ta sake lalacewa za a karɓe hawashar a ba wani. 'Ya'yansa biyar a lokacin.

Na ce, "Yaya, ƙasar nan ba ta gyaruwa. Zo mu tafi Sinnar, in sama maka rumfa."

Ya ce, "Kai bakinka ne gonarka, Mamman. Ni ba ni da wata sai wannan."

Ranar ban ruwan ƙarshe ya shiga gonar ba takalmi, da damin karan dawa. Duk inda ruwa ya kwanta ya kafa kara, ya karye shi daidai bakin ruwan. Da haka ya san zurfin kowane kwari. Bayan an tuge itacen auduga an ƙone, ya ɗauki kwando. Bazara guda yana kwasar ƙasa daga tudu yana zubawa a kwari, ƙasar yankinmu na Jazira mai tauri kamar dutse. Maƙwabta na wucewa suna cewa, "Garba, in ka gama nan, ga Kogin Nilu can yana jiranka!" Ya ce su dai su tanadi shayi.

Da yayyafi kogi kan cika. Ranar da aka sako ruwa, ya shimfiɗu daga gabas har yamma kamar tabarma. Da audugar ta buɗe, mufattishi ya tsaya a bakin gona ya tambayi wane injiniya ya auna ta. Na ce masa, "Yayana ne, da kara da kwando." Na yi tafinta a Jidda, na yi a Kano da Injamena, ban taɓa faɗin jimlar da ta fi wannan daɗi a bakina ba.

A yawona na ga masu baiwa da yawa, kuma ba na raina ta, ita ta ciyar da ni. Amma da yawanmu zomo ne, gudu sai barci. Da Yaya zai dawo ya ga inji na daidaita gona cikin yini guda, jikokinsa kuma Larabci ya fi zama a bakinsu, ba na jin zai yi faɗa. Zai dai tambaye su ko sun taɓa taka gonar da ƙafarsu.

Bara na koma can. Jikansa ya buɗe ruwa ina tsaye. Cikin harsunana huɗu, biyu sun fara zame mini, tsufa ya ci su. Ruwan nan kuwa ya tafi sannu-sannu, bai tsaya ko'ina ba, har ya taɓa kusurwar yamma.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa makwancinsa ya fi gonarsa ni'ima.