Kwano a Kafaɗa

Bayan an gama babban yaƙi, lokacin da sojoji ke ta dawowa daga ƙasar Bama ta ƙetare, na bar gonar babana a Tabanni na shiga leburanci a barikin haƙar zinari da ke bakin dajin Birnin Gwari. Yaran yanzu in sun wuce wurin ba sa ganin komai sai ramukan da ciyawa ta cinye, shi ya sa in muka ce gari guda ne a da, sai su yi mana kallon maƙaryata. Su suka sani. Akwai injin jan ruwa mai tari tun safe har la'asar, akwai maƙera da masu tuwo, ga Fulani suna kawo nono daga wajen Kamuku. Ɗakunan jinka na kamfani a jere suke, dokarsu kuma ɗaya ce: kana aiki kana da ɗaki, ran da aka sallame ka ran nan za ka naɗe tabarmarka.

Aikinmu ɗaukar ƙasa ne. Masu diga su sare ta a cikin rami, a loda mana a kwanon sarki, mu bi katako mu hau da ita zuwa inda masu wanki ke tace ta. Mu Hausawa gammo muke naɗawa mu ɗora a ka. Gwarawa kuwa a kafaɗa suke ɗauka, su ɗan sunkuya, su tallafe da hannu. A wurinsu kai ba wurin ɗora kaya ba ne, nauyin tunanin da ke cikinsa ya ishe shi.

Ɗakin da ke jikin nawa na wata Bagwariya ce daga wajen Kazage, ta kusa haifata, Inna nake ce mata. An tafi da mijinta yaƙi ɗan dako bai dawo ba, ya bar mata tsohuwar uwarsa makauniya. Kwanon nan shi ke ciyar da su, shi ya ba su ɗaki. Kullum sai na tsokane ta a kan katako.

"Inna, kan nan naki adana shi kike yi sai Sallah?"

"Kai ɗora wa naka, ɗana," take cewa. "Me ke ciki da za ka ji tausayinsa?"

Ana haka aka kawo mana sabon Bature, shi ma daga soja ya fito, mutumin da ko tukwane ya gani sai ya so su yi fareti. Ya tsaya bakin rami ya ga wasu a miƙe wasu a sunkuye, abin ya tsaya masa a rai. Ya sa heluma, wato shugaban lebura, ya busa usur ya faɗa mana daga gobe kowane kwano a ka, wai masu kafaɗa suna zubar da ƙasa. Ƙarya ce tsagwaronta. Ni ke bin bayan Inna, ban taɓa taka tsakuwar da ta faɗo daga kwanonta ba.

Washegari wasu Gwarawan suka tattara suka koma ƙauye. Wasu suka naɗa gammo, idonsu a ƙasa. Inna ta saɓa kwanonta inda ta saba. Heluma ya tare ta, yana magana ƙasa-ƙasa, don shi ma ba mugu ba ne, tsoron hularsa yake.

"Iya, ki rufa mini asiri. Ki ɗora ko na yau kaɗai."

"Uwata ba ta ɗora ba, ɗana. Ni ma ba na ɗorawa."

Baturen ya ce in gobe ta sake, ta bar masa ɗaki. Da yamma na iske ta tana ƙulle ƙwarukanta a tsumma, tsohuwar na zaune tana ta tambayar ina za su. Wallahi raina ya ɓaci, har tuwo ya ƙi shiga. Na tayar da maganar a gindin ɗorawa inda muke hira, aka ce mini ina ruwanmu da al'adar Gwarawa. Na zage su tas, na tashi.

Da safe aka loda mini kwano. Na jefar da gammo, na ciccibi kwanon na aza a kafaɗa. Ashe abin da nake wa dariya gwaninta ne. Taku kaɗan na yi laka ta kwararo mini a wuya, baki-bakin kwanon ya nutse cikin tsoka, na yi tangaɗi saura ƙiris in koma ramin. Kowa ya tuntsire da dariya. Ana cikin dariyar wani tsohon soja, wanda jiya na fi zagi, ya cire nasa gammon ya saɓa. Na bayansa ya bi. Kafin rana ta take, duk katakon nan babu kwano ko ɗaya a ka.

Aiki ya koma tafiyar hawainiya. Masu wanki suka zauna suna hamma. Inna kuwa, maimakon ta gode, sai ta koma heluma a kanmu.

"Sunkuya, wawa! Tallafe da hannu! Kai, ƙasar mutane kake zubarwa!"

Baturen ya yi ihu har fuskarsa ta yi kamar gauta ja, heluma ya busa usur har ya gaji. Ba mu bar aiki ba balle a kira 'yan doka, ga mu nan muna ta ɗauka. Damina kuma ta kawo kai, manoma na gudu gona, in ya kore mu duka wa zai samu? Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, kafaɗunmu suka saluɓe, Inna na bin mu da man kaɗanya tana faɗa.

A ƙarshe dokar ta mutu ba tare da an busa mata usur ba. Inna ta kwance ƙwarukanta, tsohuwar ta daina tambaya. Amma Bature ba ya faɗuwa hannu wofi. Ya tambayi wanda ya fara, aka nuna ni, aka sallame ni.

Ban yi nadama ba, har yau ban yi ba. Na naɗe tabarmata, na ɗaure tukunya da bargo a ciki. Inna na tsaye bakin ƙofarta. Na ɗaga kayan zan ɗora a ka, sai na hango Baturen a ƙofar ofis yana kallona. Kafaɗata ɗanyen gyambo ce a lokacin. Na aza kayan daidai kan gyambon, na bi ta gabansa a hankali, hawaye na zubo mini don azaba, ban ko ƙifta ba.

Daga bayana na jiyo muryar Inna.

"Sunkuya, ɗana. Sunkuya, za ka ji sauƙi."

Na ƙi. A gaban mutumin nan dai a miƙe na wuce.