Sunan da Kabo Mai Molo Yake Tsallakewa

Kabo yana barin farcen manuninsa na dama ya yi tsawo. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna bakin ƙofa yana goga shi a kan wani dutse, a hankali, kamar mai wasa wuƙa. Da farcen nan yake kaɗa molo. Gidana yana duban nasa a Gaya, a unguwar da ke gangarawa gulbi, shi ya sa na ga abin da na gani.

A gidan da ya koyi kiɗa, ba a soma waƙa sai an faɗi hannayen da molo ya bi kafin ya iso ga mai kaɗawa. Kabo ya iya faɗin wannan. Yakan ce molo ta ruwa ya gangaro, wai wani masassaƙin jirgi ne ya fara fafe shi, shi ya sa cikinsa ya yi kama da kwalekwale. Aka rufe shi da fata, aka murza masa tsarkiya da gashin wutsiyar doki. Daga nan sai ya jero sunaye: Hama na Sorkawa, sai Harun, sai Yunus, sai shi Kabo.

Yunus ya rasu tun Kabo bai iya tafiya ba. Tsofaffin gari sun sani. In Kabo ya zo wurin nan a jerin, sukan dubi ƙasa.

Wanda ya koya masa Seyni ne, mutumin Malanville, can ƙetaren gada. A gidansa Kabo ya ci, ya kwana, ya girma. Wata shekara aka gayyace su biki a Bengou, Kabo ya riga ya zama magidanci, matarsa Tani tana cikin taron. Yana tsakiyar waƙa Seyni ya taso, ya ɗauke molon daga cinyarsa, ya matsa zoben fatar da ke riƙe tsarkiya don gyara sautin, ya miƙa masa. Wasu suka yi dariya. Kabo ya ƙarasa waƙarsa, ya dawo gida shi kaɗai. Tun ranar sunan Seyni ya fita daga bakinsa, kuma da Seyni ya rasu bai je jana'izar ba.

Seyni ya bar ɗa ɗaya, Alfari, direban kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Kotonu. Bai gaji kiɗa ba. Molon uban ma ya ruɓe a rataye. Abin da ya rage wa Seyni a duniya shi ne gurbinsa a jerin nan, kuma babu mai faɗin jerin sai Kabo.

Duk sanda motar Alfari ta tsaya a layin duwan, wato kwastan, sai ya tako unguwarmu. Ya fara da goro da gaisuwa. Kabo yakan karɓi goron, ya ba maƙwabta. Bai taɓa kiran shi da sunansa ba, sai ɗan mutumin ƙetare. Da shekaru suka ja, goron ya daina zuwa, amma Alfari bai daina ba. Ya je wurin liman, ya je wurin Tani, ya zo wurina, yana neman mai sa baki a mayar da sunan ubansa. Na ce masa ni maƙwabci ne kawai.

Wata rana a gabana ya ce, "Baba Kabo, a kabari Yunus ya koya maka?"

Kabo bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Tafi ka duba tayarka, ɗan mutumin ƙetare. Naka hannun sitiyari ya sani."

"Tuwon gidanmu fa? Shi ma na Yunus ne?"

Kabo ya tashi ya shiga gida. Tani ta ce mini ranar bai ci abinci ba.

Bara wata ma'aikaciyar rediyon gari, Salima, ta zo ta ce tana so ta ɗauki tarihin molo daga bakinsa, a ajiye, domin ba wanda ya saura. Kabo ya riga ya rame, tari ya kama shi. Ya amince. Ban san wanda ya gaya wa Alfari ba. Ya bar motarsa da kaya a cikinta, ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma, bai gaida kowa ba.

Kabo ya faɗi jirgi, ya faɗi fata da wutsiyar doki. Ya kira Hama, ya kira Harun, ya kira Yunus. Sai ya tsaya a nan. Bai ɗora da sunan Kabo kamar yadda ya saba ba. Ya daɗe yana duban Alfari, Alfari yana dubansa. Salima ta ƙara matso da na'urarta kusa da bakinsa.

Kabo ya ce, "'Yata, kashe abin nan. Ki dawo ranar kasuwa, akwai saura."

Alfari ya miƙe ya ce shi ma zai dawo. Kabo ya ce ƙofa ba ta rufe.

Ranar kasuwa muka kai Kabo makwanci. Alfari yana cikin masu ɗaukar makara, fuskarsa a ɗaure. Abin da Salima ta ɗauka yana nan a rediyo. Sun sa shi sau ɗaya, ya tsaya a kan Yunus.