Ɗari Uku

Mijin yayata ya shekara talatin yana feraye lemo a bakin tasha, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda ya kwana. Ranar da ya sayo 'yar na'urar gwajin suga a kemis, ya soki yatsa ta nuna ɗari uku, ranar ya zama mutum. Unguwa ta laƙaba masa Ɗari Uku, yana amsawa har da gyara hula.

Ya daina zuwa tasha. Ya kafa kujera a inuwar tsakar gida, feraya kaɗai ya ce jikinsa zai iya. Yaya ce ke ɗaukar tire a ka, da gwiwarta mai ciwo. Kullum da hantsi, in ya gama feraya, sai ya tara mu mu ga jininsa. Ya ɗiga shi a bakin siririn tsinken gwajin, ya lumshe ido kamar mai jiran kirari.

"Kun san me ke cikin tsinken nan? Garin zinare, wanda ido ba ya gani. Jinina yana taɓa shi sai lantarki ya motsa. Zinare ba ya ƙarya!"

Ko ruwa ba ya ɗebo wa kansa.

Sai autarsa, mai aikin jinya, ta zo hutu. Ta dubi yatsun nan masu danƙon lemo.

"Baba, haka kake gwadawa? Ba ka wanke hannu?"

"Ke za ki koya mini ciwona?"

Ta kawo buta da sabulu, ta wanke masa, ta goge, ta soka. Casa'in da biyar. Ta sake a ɗaya hannun, casa'in da bakwai.

"Baba, shekara biyu lemo kake yi wa gwaji. Lemon ne ba shi da lafiya."

Yaya ta yi hamdala har da hawaye, sannan ta dire tiren a gabansa. "Sannu da samun sauƙi, Malam. Gobe tasha."

Ban taɓa ganin wanda lafiya ta yi wa mugun kamu irin wannan ba. Ya ce na'urar ta lalace, zinaren ma jabu ne.

Washegari na leƙo da hantsi. Yana kan kujerarsa, ya juya wa ɗakin Yaya baya, yana matsa ɓarin lemo a kan yatsa a hankali, tsinken na jira a cinyarsa.